Tambayi Adda: Kuɗin cefane ba sa kai mu ƙarshen wata

Assalamu alaikum 'yan uwa masu bibiyar wannan fili, barkanmu da shigowar sanyi, Allah ya sa mun ga kaka lafiya. Saƙonni sun taru sosai wannan karon har wasu na ƙorafi wai na share su, wallahi ba shariya bace, filin ne kaɗan. Na ɗauko huɗu da naga damuwarsu ta shafi gidaje da yawa, kuma kamar kullum na cire sunaye.

TAMBAYA: Salam Adda barka da aiki. Ni matar aure ce a Jekadafari nan Gombe, yarana huɗu, maigidana ma'aikacin gwamnati ne. Wallahi Adda kuɗin cefanen da yake bani a wata tun shekara biyu da suka wuce bai ƙara ko sisi ba, kafin ashirin ga wata sun ƙare, in nayi magana yace bana tattali ne wai matar abokinsa da abin da bai kai haka ba take riƙe gida. Yanzu haka mai shagon layinmu yana bina bashi shi bai sani ba kuma kullum gabana faɗuwa yake kar ya ji. Dan Allah ya zanyi, ni ce mai laifi ko shi?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya rufa mana asiri. Kafin muje ga waye mai laifi, bashin mai shagon nan shi yafi tsaya min a rai, don bashin da aka ɓoye wa miji baya tsayawa inda yake, yau taliya gobe sukari jibi sabulu, wata rana mai shagon zai gaji ya tare shi a hanyar masallaci ya faɗa masa a gaban mutane, kuma ranar nan maganar amana za a yi, kuɗin ma ba wanda zai tuna da su. Ki riga mai shagon faɗa. Amma kar kije masa da baki kawai, kije da takarda a hannu.

Ki samu ɗan littafi irin na 'yan firamare, sati biyu cur duk abin da ya fita daga hannunki ki rubuta, ƙullin gishiri ne, kuɗin niƙa ne, kurar ruwa ce (mu nan Gombe ai ruwa kaɗai ya isa ya cinye rabin lissafi), kuɗin tarar yara, katin waya, gudummawar suna, kar ki raina komai kice wannan ai bai kai a rubuta ba. Ni nayi haka a 2023 bayan an cire tallafin mai, lokacin da kuɗin Keke Napep daga gida zuwa Babbar Kasuwa ya tashi cikin 'yan kwanaki. Daren da na zauna kan tabarma bayan isha'i ina haɗa lissafin da fitilar waya, sai da na sake ƙirgawa sau biyu don ban yarda ba. Ina zaton nama ne da shinkafa ke cinye ni, ashe ƙulle-ƙulle ne, man gyaɗa na ƙulli da nake aiken yaro kullum da safe, omo ɗan leda, madara 'yar leda, sukarin hamsin, magi na ɗari. Kuɗin ƙullin man nan kaɗai da na tara na wata guda ya kusa sayen galan. Mai ƙulli ba zalunci yake ba, shi ma sai ya fitar da kuɗin leda da ladan zamansa, amma dai kowane ƙulli akwai riba a kansa kuma ke kike biya sau talatin a wata.

To amma gaskiya ɗaya ce, ba zan ɗora miki duka ba. Tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin fetur babu abin da bai tashi ba don komai a mota yake zuwa, kuɗin da ya riƙe gida a wancan lokacin ba zai riƙe shi yau ba ko wace irin mai tattali ce. A Yulin 2024 aka maida mafi ƙarancin albashi naira 70,000 daga 30,000, in har albashin maigidanki ya ɗan motsa to haƙƙin tukunya ne ita ma ta ji a jikinta. Maganar matar abokinsa kuwa kar ta dame ki, gidaje nawa ne ake sauke musu buhun masara da wake daga Dukku ko Kumo ko Billiri duk kaka, wanda ke waje sai ya ɗauka albashi ne ke yin komai.

In kin cika sati biyun, ki nemi lokacin da ya ci ya ƙoshi yara sun kwanta, ki ajiye masa littafin kice dan Allah ya duba ya nuna miki inda kike ɓarna ki gyara. Ki faɗa da zuciya ɗaya fa, ba da gatse ba, don wataƙila ya hango abin da ke baki gani ba. A nan ne za ki faɗi bashin, nawa ne kuma na menene. Sannan ki roƙe shi ranar Asabar ɗaya ya shiga Tudun Hatsi da kansa ya tambayi mudun wake da na gero, gani ya kori ji. Maza da yawa ba mugunta ke sa su faɗi irin wannan maganar ba, rabonsu da kasuwa ne ya daɗe, farashin da ke kansu na shekarun baya ne.

Shawarar da zan ba ku ku biyun ita ce a raba kuɗin gida biyu. Hatsi ya dawo wuyansa, ya saya yanzu da ake kaka kaya suna shigowa daga ƙauye, ko buhu bai samu ba a haɗa da maƙwabta ko 'yan uwa a sayi ɗaya a raba, ba a fafe gora ranar tafiya. Ke kuma ya riƙa baki na kayan miya sati-sati maimakon wata-wata, kuɗin sati sun fi jin magana a hannu. Abu ɗaya dai, a sayi na ci kawai, kar a ci bashi a tara da sunan za a sayar a ci riba da damina, waɗanda suka yi haka da masara sun sha wuya a 2025 da farashi ya sauko maimakon ya hau.

Ajiyar ce inda mutane ke asara, musamman wake. Mahaifiyata Allah ya jiƙanta jarkar man gyaɗa take wankewa tas ta kife ta a rana kwana biyu har ta bushe ƙarau, ta shanya waken shi ma, sai ta ɗauki ƙwara ɗaya ta ciza, in taji yace ƙas to ya yi, in haƙori ya nutse a mayar rana. Sai ta ɗura tana jijjiga jarkar tana bubbuga gindinta a ƙasa har ya cika maƙil ba sauran wuri, ta shimfiɗa leda a baki ta murɗa murfin da ƙarfi, ta ɗauki gawayi ta ja layi a jiki don ta san wacce aka fara cikawa. Muna yara mun ɗauka wani sirri ne, ashe iska ce kawai, ƙwaron wake numfashi yake kamar kowa, in aka toshe ya shanye 'yar iskar da ta rage sai ya mutu, wanda ya ƙyanƙyashe daga baya ma haka. Shi yasa ba a buɗewa ana rufewa, gara ƙananan jarkoki uku da babba ɗaya, wacce aka buɗe a ci ta har ta ƙare. Kuma jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ko an wanke ta sau goma kar a kusance ta. In buhu guda ne akwai buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS, wanda masu bincike na jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi, leda biyu masu kauri a ciki buhu ɗaya a waje, kowanne a matse iskar a ɗaure bakinsa daban, aikinsu ɗaya da jarkar. Fiya-fiya kam dan girman Allah kar a zuba a abincin da yara za su ci, saboda ragowar irin wannan gubar Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya ƙasashenta a 2015, abin da wasu suka ƙi karɓa a bakin iyaka bai kamata mu zuba shi a tukunyarmu ba.

Tumatir da tattasai kuma ki jira Janairu zuwa Maris lokacin da na noman rani ke fitowa daga wajen Dadin Kowa da Kwadon, ki yanka ki shanya a kan tabarma mai tsabta a inda awaki da ƙura ba sa kaiwa, farkon damina da zai yi tsada kina da naki a gwangwani. Wuta ma akwai dabara, wake in ya kwana a jiƙe baya cin gawayi, shinkafa kuma in ta tafasa sosai ruwan ya fara ja, ki sauke da murfinta ki naɗe tukunyar da tsohon bargo ki tura cikin kwando, kafin awa ɗaya ta ƙarasa da zafinta. Ki gwada ranar da ba baƙi tukun har hannunki ya saba.

TAMBAYA: Hajiya ina gaisuwa. Magidanci ne ni daga Fadaman Mada a Bauchi. Iyalina mace ce ta gari ban da abin cewa, matsalar ɗaya ce anko, wannan watan kaɗai biki uku kowanne da atamfarsa ga ɗinki ga gudummawa. Da nace ba zan iya ba sai tace rowa ce kuma zan sa dangi su raina ta. Shin rowa ce?

AMSA: Malam ina amsawa, Allah ya ƙara rufin asiri. Ba rowa bace. Marowaci shi ne wanda yake da shi ya hana abin da ya wajaba, anko kuwa bai wajaba ba, kuma aya ta 67 a Suratul Furƙan ta yabi bayin Allah da in za su ciyar ba sa almubazzaranci ba sa ƙwauro, suna tsayawa a tsakani. Sai dai ina roƙonka kar ka ɗauki tsoron da take ji da wasa, a cikin mata wacce ta zo biki ba anko akwai kallon da ake mata, kuma kallon nan yana da zafi, kai ba ka shiga cikin gidan biki shi yasa ba ka san shi ba. Ku zauna ku yanke tun yanzu, anko sai na jini na kusa, ƙanwa ko 'yar wa ko 'yar ƙani, sauran taje da kayanta masu kyau da gudummawa daidai ƙarfi, gudummawar ita ke amfanar amarya ai, atamfar ɗan kasuwa take amfana. Kuma in da hali kai da kanka ka ɗinka mata kala ɗaya mai kyau ba tare da ta tambaya ba, wanda za ta shiga taro da shi kanta a sama. Ita kuma in tana karanta wannan, 'yar uwa ki duba akwatinki ki ƙirga anko nawa ne aka sa sau ɗaya aka ninke.

TAMBAYA: Adda ni kam tawa daban ce. Tun ina sakandare nake rubuta labarai, ina turawa a guruf ɗin WhatsApp mutane suna yabawa har ana jiran ci gaba. Nayi aure a unguwar Jahun a Bauchi, Allah ya bani tagwaye, yanzu wata goma sha huɗu ko layi ɗaya ban rubuta ba. In na ɗauki waya kaina fayau ba komai, kuma me ma zan rubuta, daga wanki sai wanke-wanke sai goyo, ko ƙofar gida ba kullum nake leƙawa ba. Ji nake kaman basirar ta gudu ta barni, har kuka nake wani lokacin. Akwai abin da ake yi ta dawo?

AMSA: Ƙanwata saƙonki sai da na karanta shi sau uku. Allah ya raya tagwaye ya yi musu albarka. Farko dai ki sani macen da ke shayar da yara biyu tana tashi sau huɗu sau biyar a dare, in kanta ya yi fayau gajiya ce, ƙwaƙwalwar da bata samu barci ba ko lissafin cefane da ƙyar take yi balle ƙirƙirar labari. Basirarki tana nan. In kuma kukan yana yawa, ko kina jin komai ya fita a ranki har abinci da mutane, ki faɗa wa maigidanki ku je asibiti a duba ki, akwai damuwar da ke kama mata bayan haihuwa kuma tana da magani, ba abin kunya bane.

Inda ban yarda da ke ba shi ne da kika ce me za ki rubuta. Kwanaki naje niƙa a Bolari, layi ya yi tsawo, gabana wata tsohuwa ce da kwanon dawa. Da aka zo kanta mai injin yace an ƙara kuɗi, ta kwance haɓar zaninta ta fito da kuɗi duk sun cukurkuɗe ta warware su ɗaya bayan ɗaya a tafin hannu, hamsin ta rage. Bata roƙe shi ba, bata ce komai ba, sai ta shimfiɗa gefen gyalenta ta fara ɗibar dawar da hannu tana ragewa don ta dawo daidai kuɗinta. Wata yarinya a bayana da bata fi shekara goma ba ta zagayo ta ajiye naira hamsin a kan bencin mai injin ta koma wurinta ta juya kai tana kallon titi kaman ba ita ba. Har na dawo gida ina tunani, kuɗin waye ta bayar, canjin mamarta ne ko na tararta ne ta hana cikinta, me za ta faɗa in ta koma gida, tsohuwar nan su waye ke jiran tuwon dawar, ina 'ya'yanta. Duk wannan bai kai minti biyu ba, a layin niƙa, kuma in kika bi kowace tambaya da alƙalami sai ta kai ki wani gida.

Abin da na lura da yawan labaran da ke yawo a wayoyi shi ne kowa Abuja yake kai mu, gida mai bene, saurayi mai jirgi, ana tashi a tafi Dubai, marubuciyar kuma tana zaune a ɗaki ɗaya da falo tana rubuta abin da bata taɓa taɓawa da hannunta ba, shi yasa duk suke kama da juna. Ke kuwa kin san yadda ake goya ɗaya a rungume ɗaya a tuƙa tuwo, kin san abin da uwar miji ke faɗa da wanda take haɗiyewa, kin san muryar mai tallan awara da ta almajirin da ke zuwa ɗaukar wanke-wanke, kin san shirun da gida ke yi ranar da albashi ya makara. Wannan baiwar Allah ta Jekadafari da ke ɓoye bashin mai shago, ki sake karanta tambayarta da idon marubuciya ki gani ko ba littafi bane guda.

Kuma kar ki ɗauka sai wanda ya huta ke rubutu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo tana gidan Waziri Giɗaɗo da 'ya'ya da hidimar babban gida ga karantar da mata ta hanyar 'yan taru, wato ƙungiyoyin matan da ke taruwa don ɗaukar karatu, a haka ta bar waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci da ake karantawa har yau, ta rasu tun 1864. Nan garinku ma, Abubakar Tafawa Ɓalewa yana matashin malamin makaranta a Bauchi ya rubuta littafin Shaihu Umar don gasar rubuta labaran Hausa da aka yi a 1933, aka buga shi a 1934, yana koyarwa yana rubutawa.

Ga abin da nake so ki gwada. Ki daina jiran ranar da za ki samu awa biyu ki zauna, wannan ranar ba za ta zo ba sai yaran sun shiga makaranta. In abu ya faɗo miki kina wanki, ki goge hannu ki danna rikodin a waya ki faɗe shi da baki ko jimla biyu ce. Bayan asuba ko lokacin da suka yi barcin rana ki ɗauki minti goma sha biyar, ki kashe data tukun don in kika leƙa guruf ko TikTok an gama, ki rubuta abu ɗaya da idonki ya gani jiya, yadda yake, ba ado. Kar ki tura wa kowa har wata guda, masu cewa a ci gaba a ci gaba suna da daɗi amma suna sa mutum gaggawa. Ki faɗa wa maigidanki abin da kike yi don ya san ba hira kike da waya ba, in mai fahimta ne ma ya riƙe miki yaran rabin awa ranar da baya fita. Sashen Hausa na BBC suna gasar Hikayata ta mata zalla tun 2016, gajeren labari ne da baya wuce kalma 1,500, in kina rubuta ɗari a rana sati biyu da kwana ɗaya kin haɗa, sauran lokacin na gyara ne. In kin gama na farko ki turo min, ina so in karanta.

TAMBAYA: Adda ina koyon ɗinki a Kumo, ƙyallaye suna taruwa a shago buhu-buhu ana ƙonawa, ni kuma tausayinsu nake ji. Akwai abin da zan yi da su?

AMSA: Akwai sosai ƙanwata, amma ki fara neman izinin mai shagon, don wasu ƙyallayen na masu kaya ne. Ki ware su kala-kala, manya ki yanka su murabba'i daidai da juna ki harhaɗa ki yi zanin gado na yara ko rigar filo ko jakar islamiyya, a nan ma hannunki zai faɗa da ɗinki miƙaƙƙe fiye da duk wani darasi. Dogaye sirara a kitsa su kamar gashi a naɗe a ɗinke ya zama abin goge ƙafa na bakin ƙofa, 'yan mitsi-mitsin kuma a cusa a matashi. Atamfa da atamfa za ki haɗa, kar ki gwama da leshi ko yadi mai santsi don wajen wanki wani zai ja wani ya saki. Ki fara da jakar islamiyya guda biyu ki ba yaran gidanku su rataya, in ƙawayensu sun tambaya ki faɗi kuɗin.